IZININ BUƊE ƘOFA DABAN, HATIMIN DIFLOMA DABAN

Ƴan'uwa talakawa!

Zamanin Nasara, ɗan Nijar mai son karatu mai zurfi sai ya tafi lakol ɗin William Ponty can Senegal, hatimin takardarsa kuwa yana hannun Faransa. Sai a 1973 muka samu jami'a tamu a Yamai. Maraɗi, Tawa da Damagaram suka samu nasu a 2010. Gurabe suka kasa, masu kuɗi suka buɗe nasu makarantu.

Ba mu ƙi makarantar kuɗi ba, ha'inci muka ƙi. Mutum ya kama hayar gida, ya kafa allo, ya nuna izinin buɗewa, ya ce komai ya cika. Ƙarya ne! Izinin buɗewa ƙofa kaɗai yake buɗewa. Amincewa da difloma kuwa sai an binciki malamai da tsarin karatu, fanni fanni. Irin wannan awo ne aikin CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968.

Manomi ya sayar da sa da albasa, yaro ya yi shekara 3, ranar neman aikin gwamnati a ce takardarsa ba ta ci. Wa zai biya shi?

Muna neman gwamnati ta lika sunayen fannonin da ta amince da su a ofishin kowane magajin gari, a karanta su a rediyo da Hausa. Mai ha'inci a rufe shi, ya maido kuɗin mutane.

Kowane reshe ya gargaɗi iyaye ranar kasuwa: kar a biya ko dala sai an ga takardar amincewa!