Tabon Da Ba Ya Ciwo

Zuwa ga Edita,

Maganata ta wannan mako a kan tabo ne da gyambo, na fata da na baki. Na lura yawancinmu ciwo ne ma'auninmu. Abin da ya hana mutum barci shi a ke kai wa likita, wanda bai hana ba kuwa sai a ce a bar shi, ai ba ya ciwo. To, jama'a, wannan ma'auni ba shi da kyau, gama sankara, watau ciwon daji, sau da yawa ba ta fara da zafi. Abin dubawa biyu ne: tabon yana sake kama? Gyambon ya ƙi warkewa?

Kada in tsorata kowa a banza. Yawancin alamun da ke jikin ɗan Adam ba su da wata illa. Tawadar Allah da mutum ya tashi da ita tun yana yaro, girmanta da launinta ba su sake ba, ba abin damuwa ba ce. Haka baƙi-baƙin da a kan gani a dasashin baƙar fata, halitta ce. Jan da goro ke bari a haƙori a haƙori ya tsaya. Ƙurajen baki da kan fito su yi zafi, su kan warke da kansu cikin mako ɗaya ko biyu. Waɗannan duka a kwantar da rai.

Amma akwai wurare huɗu da na ke so kowa ya sa wa ido.

Na farko tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. Waɗansu suna zaton sankarar fata ta Turawa ce kaɗai. Gaskiya ne baƙar fata tana kare mu daga rana ƙwarai, amma mugun nau'in nan da likitoci ke kira melanoma, in ya zo wa baƙin mutum, ya fi fitowa a inda rana ba ta bugu, watau tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce. Ya kan fara kamar ɗigon tawada. Alamunsa su ne gefensa ba daidai ba, launinsa a gauraye, faɗinsa ya wuce milimita 6, wajen kaurin fensir ke nan, kuma yana ƙaruwa ko yana jini. Wanda bai sani ba sai ya ce ƙaya ce ta taka shi, ko tuntuɓe ya yi. Mawaƙin nan na ƙasar Jamaika, Bob Marley, a 1977 aka gane irin wannan a ƙarƙashin farcen babban yatsansa na ƙafa, da fari an ɗauka rauni ne na wasan ƙwallo. Ciwon ya bazu cikin jikinsa, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Raina kama ka ga gayya.

Na biyu tsohon gyambo da tabon ƙuna. Yaro ya faɗa murhu ya warke, ya girma da tabonsa. Bayan shekara 20 ko 30 sai tabon ya fashe, bakin mikin ya yi tudu, yana wari, a wanke a ɗaure ya ƙi rufewa. Haka gyambon ƙauri da ya shekara da shekaru ana fama da shi. Wani likitan Faransa mai suna Marjolin ya bayyana irin wannan miki tun 1828, har yau kuwa da sunansa a ke kiransa. Tsohon tabo in ya buɗe ya ƙi warkewa, ya wuce aikin ɗauri, sai a gwada shi.

Na uku cikin baki. Farin tabo a gefen harshe, ko a kumatu ta ciki, ko a dasashi, wanda in an goge ba ya fita, shi ne likitoci ke cewa bai zama sankara ba tukuna amma yana iya zama. Jan tabo mai santsi ya fi farin haɗari. Miki a baki da ya wuce mako 3 bai warke ba, ko kumburi mai tauri, ko haƙori ya yi ta girgiɗi ba dalili, duk a kai su asibiti. Babban abin da ke jawo wannan taba ce, ko ta sha ko garin da a kan cusa tsakanin leɓe da dasashi, sa'an nan giya. In aka haɗa su biyu haɗarin ya ninka. Wanda ya bar taba ya rage wa kansa haɗari, ko da ya daɗe yana sha.

Na huɗu ya shafi 'yan'uwanmu zabiya. Su fatarsu ba ta da baƙin da ke tare rana, saboda haka tun suna samari a kan ga ɓawo-ɓawo mai kaushi a fuska, da kunne, da wuya, da bayan hannu. Wannan ɓawon shi ne mafarin sankara, in an kai shi da wuri likita yana iya kawar da shi. Ina roƙon malaman makaranta su lura da wannan. Yaro zabiya kada a tsai da shi a rana tsaka don horo ko fareti. A bar shi ya sa malfa da riga mai dogon hannu, iyaye kuma su nemo masa man shafawa na kare rana.

To, me za a yi in an ga ɗaya daga cikin waɗannan? Abin da na ke jan kunne a kai shi ne kada a kai wa wanzami ya yanke, kada a yi sakiya, kada a ɗora kanwa ko toka. Yankan da ba a cire saiwa ba sai ya rufe a sama, ciwon yana tafiya a ƙasa, har kaluluwa ta fito a matsematsi ko hamata ko wuya. Likita kuwa ɗan ƙanƙanin nama zai ɗiba, a duba shi da madubin likita, a san ko mene ne. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri duk suna yin wannan gwaji, ƙaramin asibiti kuma ya kan rubuta wa mutum takarda zuwa can. In an same shi yana ƙarami, sau da yawa aiki kaɗan a kan yi a cire, mutum ya koma gida da ƙafarsa. In an yi jinkiri, sai a kai ga yanke ƙafa, ko gashi da na'ura, da kuɗi mai yawa, wani lokaci ma duk a yi bai hana ba.

Na san abin da ke hana mutane zuwa: tsoron wuƙa, da kuɗin mota, da cewa an yi musu jifa ne. Malamanmu, ku a ke fara kawo wa irin wannan kuka. Ku yi addu'a, sa'an nan ku ce a tafi asibiti, gama neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Mu kuma da Allah ya ba karatu, sau ɗaya a wata mu ɗauki madubi mu duba bakinmu a wurin haske, mu juya tafin ƙafarmu mu gani. Mu duba na tsofaffinmu ma, gama wanda ƙugu ya riƙe ba ya iya ganin tafin ƙafarsa. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya kiyashe mu, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.

Ni ne naku,
Wani Akawu.