Sifanar da Za Ta Kai Ki Asibiti

Uwargida, na san kin haɗa jakar haihuwa tun wata na takwas. To, kin taɓa leƙa but ɗin motar maigida?

Wata rana ina aikin dare aka kawo mana mai naƙuda daga wani ƙauyen Ajingi, jini ya ɓalle mata. Taya ce ta yi faci kafin su iso Gaya. Ga safaya, ga jak, amma sifanar ta ƙi shiga noti, masu faci kuma duk sun tashi. Sai da suka yi awa guda a bakin titi. Da ƙyar muka ceto ta, alhamdulillahi.

Ki lallaɓa maigida ya sayi sifanar taya mai kai huɗu. Yawancin Toyota lamba 21 suke ci, Golf kuwa 17. Ya nemi mai tambarin Cr-V a jiki, don ta arha lanƙwashewa take idan aka taka ta. Ya haɗa da sifana lamba 10 saboda kan batir, da filaya, da tocila. Duk akwai a Ƙofar Ruwa idan ya shiga Kano.

Ni nawa maigidan, sai da na tsaya a kansa ya kwance taya ɗaya a ƙofar gida da rana tsaka, ya kuma duba iskar safaya.