Lafiyar kumbar teku daga ruwanta take

Kumbar teku, halittar nan mai ɓawo biyu da mutanen Beljiyam ke turarawa su ci da soyayyen dankali, ta cancanci yabo: ga furotin, ga sinadarin ƙarfe da bitamin B12, ga ƙarancin kitse. Sai dai da tace ruwa take ciyar da kanta, don haka gubar da ke cikinsa a jikinta take taruwa. A 1987, kumbar tsibirin Prince Edward na Kanada ta kwantar da mutum fiye da 100, uku suka rasu. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta karya wannan guba. Kafin a tambayi gwanintar mai girki, ya kamata a san ruwan da aka ɗebo ta, da hukumar da ke gwada shi.