Sikila: Shin bitamin na iya kare jini daga lalacewa?

A Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, kamar sauran sassan arewacin Najeriya, iyayen yara masu amosanin jini, wato sikila, sukan fara da kemis kafin su je asibiti. Cikin abubuwan da ake tallata musu akwai ƙwayoyin bitamin da garin zogale, da sunan suna hana jini lalacewa.

Maganar ba ta rasa tushe ba. Iskar oksijin da jiki ke amfani da ita tana haifar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Wannan na cikin dalilan da ke sa jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, maimakon kwana 120.

Masana kan auna ɓarnar ta hanyar duba yawan sinadaran malondialdehyde da glutathione a cikin jini. To amma awo ne na ɗakunan bincike, kuma babu wani adadi da likitoci suka amince cewa idan an kai shi sai a fara magani.

Haka nan ba kowane gwaji ne ya yi wa masu tallar daɗi ba. A 1994 wani bincike kan mashaya sigari kimanin dubu 29 a ƙasar Finland ya nuna cewa ƙwayar beta-carotene ƙara yawan kamuwa da sankarar huhu ta yi.

Maganin da ya ɗan taɓuka shi ne L-glutamine, wanda Amurka ta amince da shi a 2017, bayan ya rage tashin ciwon sikila da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Ko shi ma bai gamsar da hukumar magunguna ta Turai ba a 2019.

Hujja mafi ƙarfi tana kusa da gida. Binciken da aka yi kan yara 220 a Kano da Kaduna, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna cewa ko ɗan ƙaramin awo na hydroxyurea yana taimakawa wajen kare su daga shanyewar ɓarin jiki.

Sai dai magani ne na kullum, kuma yana buƙatar a riƙa ƙidaya ƙwayoyin jinin yaro lokaci zuwa lokaci. Ga magidancin da ke ƙauyen Gwiwa, kuɗin da ya kashe kan bitamin na iya zama kuɗin motar zuwa wannan awo.