Taifod Ɗin Nan Da Ba Ya Ƙarewa A Zangonmu



Kwana biyu kun ji ni shiru. Jinya nake yi. Ƙanena da muke sana'ar goro tare a nan Sabo ta Ibadan ne zazzaɓi ya kwantar. Kamar yadda muka saba, muka je wani ɗan lab a bayan layinmu, aka ɗebi jini, kafin awa guda an miƙo takarda: taifod. Mai kemis ya haɗa mana Cipro. Sati biyu yaro yana sha, babu sauƙi, ga zafin fitsari, ga ciwon ƙugu.

Da muka dangana da asibiti, likita ta ce a kawo fitsari a "shuka", sakamako sai bayan kwana 3. Wallahi raina ya ɓaci, na ɗauka jan rai ne. Wani dattijo ma'aikacin lab ne ya zaunar da ni ya fahimtar da ni.

Ashe gwajin da ake mana a unguwa, wato Widal, wani likitan Faransa ne ya fito da shi tun 1896, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jiki ya taɓa yin faɗa da ita kawai yake nunawa. Wanda ya yi taifod tuntuni ya warke, ko mai maleriya, duk gwajin zai iya cewa suna da ita. Hanyar tabbatarwa ita ce a shuka jinin, a ga ƙwayar Salmonella Typhi ta tsiro.

Shukar kuwa kamar ta manomi ce. A shafa jini ko fitsari ko majina a ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin, a ajiye a na'ura mai ɗumin jikin mutum, bayan awa 24 zuwa 48 sai su tsiro ɗigo-ɗigo. A rina su da rinin Gram, wanda ake amfani da shi tun 1884, a duba a madubin likita: wasu su yi shunayya, wasu ja-ja. Daga nan a jera musu 'yan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban. Wanda ƙwayar ta kasa tsirowa kusa da shi, shi ne maganinta. Na jini yakan kai kwana 5. Cuta irin makero a kan yara kuwa dangin fumfuna ce ba bakteriya ba, shukarta na iya kai sati 4, kuma kafso ja da baƙi ba ya taɓa ta.

Sakamakon ƙanena ya nuna E. coli ce a mafitsara ta haura ƙoda, kuma Cipro ba ya cin ta ko kaɗan. Aka canja magani, yanzu alhamdulillahi yana kasuwa.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Muna gudun asibiti saboda layi, da kuɗi, da rashin jin Yarabanci ko Turanci, da tsoron barin shago. Duk na sani. Amma kuɗin da na zubar a kemis ya ninka na shukar. Kuma ba mu kaɗai abin ke cuta ba: bincike ya nuna a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne kan gaba.

Shawarata, zazzaɓin da ya wuce kwana 3 a je asibiti, a tambayi likita maganar shuka, kuma a ba da jini ko fitsari kafin a fara haɗiyar kafso, domin magani yana hana ƙwayar tsirowa. In jiki ya yi tsanani likita zai fara magani kafin sakamako. Sarakunan Hausawa da limamanmu su taimaka da faɗakarwa, matasanmu masu jin yare su riƙa raka marasa lafiya. Sauri dai ya haifi nawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na Kurmi, amin.