Pantelleria: Takardar Yabo Ba Ta Ɗaga Katanga

A tsakiyar Bahar Rum, tsakanin Sisili da Tunisiya, akwai wani ɗan tsibiri na ƙasar Italiya da ake kira Pantelleria. Faɗinsa murabba'in kilomita 83 ne, mutanensa ba su kai dubu takwas ba, kuma ya fi kusa da gaɓar Afirka a kan ƙasar da ke mulkinsa. Dutse mai aman wuta ne ya haife shi, shi ya sa ƙasarsa baƙa ce, duwatsunsa baƙaƙe. Babu kogi, babu maɓuɓɓugar ruwan daɗi ta kirki. Ruwan saman da yake samu a shekara bai fi na yankunan Sahel masu ƙarancin ruwa ba, iska kuwa ba ta hutawa: yau ta kudu mai zafi daga Sahara, gobe ta arewa maso yamma mai ɗauke da gishirin teku. A irin wannan wuri ne ake noman inabin da ya yi suna a duniya.

Na san abin da mai karatu zai ce: Malam, me ya haɗa mu da masu giya? Gaskiya ne, yawancin inabin tsibirin a yau giya ake yi da shi, kuma hukuncinta a addininmu ba ɓoyayye ba ne. Ni ban taɓa kai ta baki ba, ba kuma tallarta na zo yi ba. Manomin nake kallo, wanda ya durƙusa a kan baƙar ƙasa yana yi wa kuranga aski, da tambayar da ke gabansa: wa zai biya shi ladan wannan durƙuso?

Ga yadda suke nomansu. A yawancin gonakin inabi na Turai ana kafa sanduna a ja waya, kuranga ta hau ta miƙe a jere, tarakta ta bi tsakani. A Pantelleria iska ba za ta bari ba. Sai manomi ya haƙa kwarmi mai faɗi kamar kwano, ya dasa inabin a ciki, ya riƙa datse shi ta yadda rassan za su bazu a ƙasa, kusan a kwance, ba su wuce gwiwar mutum ba. Iska ta bi ta sama ta wuce. Ɗan ruwan da ya sauka ya taru a kwarmin, raɓar dare ta zauna a gindin, ganye ya yi wa 'ya'yan inuwa. Kowace shekara sai an sake gyara kwarmin da hannu, domin ƙasa tana cike shi. Injin ba ya shiga nan. Gonakin ma ƙanana ne, hawa-hawa a jikin tudu, kowace da katangar dutse da aka jera ba siminti ba yumɓu. Katangar tana tare ƙasa kada ta zaizaye, tana karya ƙarfin iska, kuma ita ce mazubar duwatsun da aka tsince daga gonar tun farko. Ko zaitun ɗinsu haka ake kwantar da shi. Bishiyar lemo kuwa, da yake ba ta kwantuwa, sai su gina mata zagayayyen gini na dutse mai tsawo, wani lokaci bishiya ɗaya tal a ciki, ana shiga ta ƙaramar ƙofa. Gidajensu na gargajiya, dammuso, rufinsu ƙubba ce da aka shafe da farar ƙasa, tana tura ruwan sama cikin rijiyar ajiya.

Wanda ya san ramukan tassa na ƙasar Tawa a Nijar, ko zayi da marigayi Yakuba Sawadogo ya farfaɗo da shi a Burkina Faso, zai gane dabarar nan take. Ba wanda ya koya wa wani. Ƙishirwa ce malamarsu duka.

Irin inabi ɗaya ne ya mamaye tsibirin, sunansa Zibibbo, wanda a wasu ƙasashe ake kira Muskat na Iskandariya. Manyan 'ya'ya gare shi, fata mai kauri, ƙamshi mai ƙarfi, ga jure fari. Larabawa sun daɗe a tsibirin kafin Normawa su karɓe shi a 1123, kuma har yau sunayen unguwanni irin su Khamma da Gadir da Bukkuram daga wancan zamani suke. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shekaru aru-aru arzikin wannan inabi ba a kwalba yake ba. A ɗanye ake sayar da shi a kasuwannin Italiya, a kuma shanya shi ya zama zabibi a loda a jiragen ruwa. Da inabi mara ƙwallo ya cika kasuwa, mai araha daga ƙasashen da ke noma shi a shimfiɗaɗɗen fili, sai cinikin ya mutu. Gonakin inabi da suka kai dubban hekta a tsakiyar ƙarnin da ya wuce suka koma 'yan ɗaruruwa. Samari suka tsallaka zuwa birane, daji ya cinye hawa-hawan.

Abin da ya riƙe sauran shi ne wata giya mai zaƙi da ake kira Passito. A watan Agusta ake tsinke inabin farko, a shimfiɗa shi a rana makonni har ya yanƙwane, a zauna a cire 'ya'yan daga karansu ɗaya bayan ɗaya da hannu, sannan a zuba su cikin ruwan inabin da aka tsinka daga baya. A 1971 gwamnatin Italiya ta ba wa giyar tsibirin kariyar suna da suke kira DOC, wato doka ta fayyace irin inabin, da inda za a noma shi, da iyakar abin da za a girba a hekta. A shekarun 1980 Marco De Bartoli ya fito da tasa mai suna Bukkuram, kamfanin Donnafugata na iyalin Rallo ya biyo da Ben Ryé, sai masu kuɗin Turai da Amurka suka waiwayo. A watan Nuwamba na 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan salon noman inabi a kwarmi cikin jerin al'adun da duniya ta gada, karo na farko da wata hanyar noma ta samu wannan matsayi. A 2016, bayan wata gagarumar gobara ta ci dajin dutsen Montagna Grande, aka mai da mafi yawan tsibirin gandun ƙasa.

To, madalla. Sai dai ni a ganina an fi ɗaukaka abin da ya fi ƙaramin amfani. Takardar UNESCO ta jawo 'yan jarida da masu yawon buɗe ido, amma katangar da ruwan hunturu ya rusa ba takarda ce za ta ɗaga ta ba. Sai mutum ya sunkuya ya ɗauki dutse, kuma ba zai sunkuya ba sai kuɗin inabinsa ya biya wahalarsa. Yawancin manoman tsibirin ba su da wurin sarrafawa. Inabi suke sayar wa 'yan kamfanoni ƙalilan, da yawansu kuma tsofaffi ne. Shi kuwa saurayi yana da lissafi mai sauƙi: ya gyara dammuson kakansa ya ba baƙi haya a bazara, tunda tsibirin ya zama wurin hutun attajirai tun lokacin da irin su Giorgio Armani suka yi gida a can. Ban ga laifinsa ba.

Dokar suna ta 1971 ta fi takardar 2014 amfani nesa ba kusa ba, domin ita ce ke taɓa aljihu. Amma ita ma tana da ƙofar da ba ta rufe ba. Doka ta kare sunan wuri, ba ta hana kowa shuka irin ba. Yanzu ana noman Zibibbo a yammacin Sisili, a fili, a kan waya, da injin, a sayar da araha. Mai saye a Milan ya ga sunan iri ɗaya a kwalba biyu, farashi ya bambanta sosai, wace zai ɗauka? An yi ta ce-ce-ku-ce a tsibirin kan ko a ƙara kalmar Sisili a tambarinsu don kasuwa ta fi gane su. Ni ina tare da waɗanda suka ƙi. Ƙaramin wuri ba shi da abin sayarwa sai bambancinsa, in ya shige inuwar babban suna, da farashin babban fili za a auna shi.

Akwai masu cewa a bar kasuwa ta yi hukunci: in noman kwarmi bai biya ba, a bar shi ya mutu. Wannan magana ta manta cewa katangun nan aiki suke yi wa kowa, har da mai otal. In an bar su, ƙasar tudu ta gangara teku, ciyawa ta bushe a tsofaffin gonaki ta zama makamashin gobara. Wanda ke gyara su ya cancanci a biya shi kai tsaye, daga harajin baƙin da suka zo kallon su. Bayan haka, dogaro da giya kaɗai kasada ce, ko ga wanda ba ruwansa da halal da haram, tunda shan giya mai zaƙi yana raguwa a Turai. Tsibirin yana da cappero, wani tsiro da ake gishirta tohon furensa, wanda ya samu tasa kariyar suna ta Turai a 1996. Zabibin Zibibbo ma zai iya dawowa a matsayin kaya mai daraja da tambarin wurinsa, ga kasuwar Tunisiya da ƙasashen Larabawa a bakin ƙofa.

Mu ma mun fara shiga wannan hanya. Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajistar suna a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, bayan da a can baya wani kamfanin iri na waje ya nemi mallake sunan albasar. An yi biki, an ɗauki hotuna. Abin da nake jira in gani a jarida shi ne nawa buhu ya ƙaru a hannun manomin Galmi tun daga ranar, kuma nawa ne ya tsaya a hannun dillali.