Sarkin teyatur a kan farantin jan ƙarfe

A shekara ta 1876, zamanin sarauniya Biktoriya, gidan teyatur na Lyceum da ke Landan ya nuna wani wasa inda Henry Irving ya fito a matsayin Filib na 2, sarkin Isfaniya. Wasan bai yi kasuwa ba, cikin ƴan makonni aka tashe shi. Amma shigar sarauta da Irving ya yi, da alkyabba a kafaɗa da hula mai gashin tsuntsu, ta shiga ran James Whistler, mai zane haifaffen Amurka. Ya yi hotonsa da fenti, kana ya sake zana shi a kan farantin jan ƙarfe har guda biyu.

Wannan sana'a ta faranti ta cancanci bayani. Ana shafe ƙarfen da kaki, mai zane ya karce siffar da allura, a tsoma shi cikin asid. Asid ba ya cin kaki, sai inda allura ta bi. A wanke, a cika ramukan da tawada, a danne da takarda mai laima cikin injin bugu. Wasu kuwa kan karce ƙarfen tsiraransa, ba kaki ba asid. Layin ya fi taushi da duhu, sai dai bugu kaɗan yake jurewa ya lalace.

Nan ne ciniki ya shigo. Jan ƙarfe yana cinyewa, don haka bugun farko ya fi na ƙarshe kyau da tsada. Daga wajen 1857 aka gano dabarar lulluɓe faranti da baƙin ƙarfe, ya ba da dubbai. Mai saye ya shiga zullumi: wa ya san ko nawa aka buga? Ƙungiyar dillalan hotuna ta Landan, wadda aka kafa a 1847, ita ke riƙe amana a wancan zamani: a shaida mata adadi, ta buga hatiminta a kan kowace takardar farko. Masu zane da dama kuma, in adadi ya cika, sai su soke farantin da karce, kada wani ya ƙara. Ƙaranci ne aka ƙera da gangan, kuma duk wanda ya taɓa kasuwa ya san abin da ke ɗaga farashi.

Whistler kansa faranti ne ya tsamo shi. A 1878 ya kai John Ruskin gaban alƙali, saboda ya ce masa mai watsa wa jama'a tukunyar fenti a fuska. Ya nemi diyyar fam 1.000, aka ba shi rubu'in kwabo. Kuɗin shari'a da basussuka suka karya shi a 1879. Sai kamfanin Fine Art Society ya tura shi birnin Benis na Italiya ya yo zane 12. Ya share wata 14, ya dawo da kusan 50. A kansu ya riƙa sa alamarsa ta malam-buɗe-littafi da fensir, shaidar cewa ya duba bugun ya yarda da shi.

Irving kuwa, a 1895 sarauniya ta ba shi lakabin Sir, girman da ba a taɓa ba wani ɗan wasa ba kafinsa. Hotonsa na fenti yana gidan tarihi na Metropolitan a Niw York.